Araha Ba Ta Ado: Wayar Talaka da Makomar Rubutu da Taskar Hausa

Gabatarwa

A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, bayan gwanjon lasisin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta gudanar a farkon wannan shekara. A wancan lokaci mallakar layi kaɗai alama ce ta mai hannu da shuni. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai al'amarin ya juya. Waya ta sauko daga hannun attajiri da babban ma'aikaci, ta shiga aljihun mai shayi da ɗan acaɓa da ɗalibin jami'a, ta kuma shiga ɗakin matar aure mai sayar da atamfa da turaren wuta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Wadda ta yi wannan aiki ita ce waya mai araha, irin wadda ake baje kolinta a kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, da makamantansu a Kaduna da Sakkwato da Maraɗi.

Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa gazawar irin wannan waya ta wuce ƙorafin mai saye da mai sayarwa. A yau mafi yawan abin da ake rubutawa da karantawa da naɗewa cikin harshen Hausa ta wannan na'ura yake bi. Don haka iyakokinta sun zama iyakokin rubutun Hausa na yau da kullum, rauninta kuma ya zama raunin taskar da masu nazari za su gada. Dalili ke nan da ya sa batun ya cancanci zama a teburin manazarta harshe da adabi da al'ada.

Me Ake Kira Araha?

Kalmar araha tana buƙatar a auna ta da ma'aunin mai saye. A watan Agustan 2015 kamfanin Google ya ƙaddamar da shirinsa na Android One a Nijeriya da wayar Infinix Hot 2, a kan naira 17,500. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. Wato wayar da aka yi shelar ta talaka ce tana lashe kusan albashin wata guda. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma da yake daga waje ake shigo da wayoyi, farashinsu ya bi ta. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma lissafin bai sauya zani ba: sabuwar babbar waya mafi sauƙin kuɗi har yanzu tana neman cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

Ke nan abin da kasuwa ke kira araha, a wurin mai sayensa jari ne. Wani adashi ya kwasa, wata akuyarta ta sayar, wani ɗalibi kuma daga kuɗin abincinsa na zango ya tsakura. Wanda ya yi irin wannan sadaukarwa yana da haƙƙin sa rai cewa abin da ya saya zai yi masa shekara biyu ko uku yana aiki.

Ya kamata kuma a faɗi alherin masu ƙera waɗannan wayoyi. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, ya kama kasuwar Afirka ne saboda ya lura da abin da manyan kamfanoni suka raina. Ya yi wayoyi masu cin layi biyu, domin mutane na sauya layi don gudun tsadar kira da raunin sabis. Ya ba batir muhimmanci a ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas. Ya daidaita kyamara yadda za ta fito da fuskar baƙar fata, ya kuma kafa masana'antar haɗa waya a Habasha tun 2011. Ba domin irin wannan ƙoƙari ba, da miliyoyin Hausawa ba su san intanet ba sai a bakin wasu.

Tsakanin Kwali da Aljihu

Duk da haka, labarin da masu amfani da ƙananan wayoyi ke bayarwa kusan iri ɗaya ne, ko wane kamfani ya ƙera su. Makonnin farko lafiya lau. Daga nan sai waya ta fara nauyi: a taɓa gilashi a jira, a buɗe manhaja ta biyu ta farko ta rufe kanta, kira ya shigo a kasa ɗagawa har ya katse. Sai gargaɗin cewa ma'adana ta cika ya zama abokin hira na kullum. Kafin shekara ta zagayo batir ya fara zuba, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga murfin baya.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace alama tana da sanadi. Na farko shi ne ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira ram. Google ya fito da Android Go a ƙarshen 2017 domin wayoyin da ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce giga ɗaya ba, daga baya ya ɗaga ma'aunin zuwa giga biyu. Amma manhajojin da jama'a suka fi so, irin su Facebook da TikTok da WhatsApp, ƙara girma suke yi da kowane sabuntawa, ita kuwa waya tana nan yadda aka haife ta. Rigar yaye ce ake ta cusa wa yaro mai tasawa.

Na biyu shi ne yadda ake rubuta adadi a jikin kwali. An yawaita ganin ƙwaƙwalwar aiki an rubuta ta a matsayin huɗu da huɗu, a tara su a ce takwas. Huɗun farko ne na gaskiya. Na biyun aro ne daga ma'adana, wadda saurinta bai kama ƙafar ƙwaƙwalwar ainihi ba. Haka ma'adanar da aka ce giga 32 ce: tsarin wayar da manhajojin da aka cuso tun daga masana'anta, waɗanda galibi ba sa goguwa, sun riga sun cinye kaso mai tsoka kafin mai saye ya ɗauki hoto ko ɗaya. Akan kuma ga idanun kyamara uku ko huɗu a bayan waya, alhali ɗaya ne ke yin aikin kirki.

Na uku shi ne yanayi. Zafi yana gaggauta tsufan batirin litiyom, kuma a watannin Afirilu da Mayu ma'aunin zafi a Kano da Sakkwato da Damagaram yakan haura digiri 40. A haɗa wannan da cajin janareta a rumfar mai caji, da cazar jabu, sai a ga batirin da aka auna ƙarfinsa a ɗakin gwaji mai sanyi ya gaza a rumfar kasuwa.

Na huɗu shi ne yankewar kulawa. Yawancin ƙananan wayoyi ba sa samun sabon tsari bayan an sayar da su, sabuntawar tsaro ma takan tsaya da wuri. Ranar 24 ga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5.0 ba. Waya tana kunnuwa, gilashinta garau, amma an rufe mata ƙofar da mai ita ya saye ta dominta. Haɗarin ma yakan zarce haka. A watan Agustan 2020 sashen yaƙi da zamba na kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun mugunyar manhaja a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Gana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu. Manhajar tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar hidimomin biya ba da saninsu ba, tana kuma shanye musu data. Transsion ya ce wani daga cikin masu kawo masa kayan haɗi ne ya cusa ta, ya kuma fitar da gyara. Ko ta wace hanya ta shigo, wanda ya fi kowa ƙarancin kati shi ya biya.

Mai Rariya da Haƙƙinsa

Akwai masu ganin duk wannan ƙorafi ba shi da tushe. Hujjarsu ita ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma iya kuɗinka iya shagalinka. Wannan magana tana da gaskiya a wani ɓangare. Ba hankali ba ne a biya kuɗin jaki a nemi gudun doki. Ribar da ke kan ƙaramar waya kaɗan ce, kuma duk ƙarin inganci ƙarin farashi ne, wanda zai iya fitar da talaka daga kasuwar gaba ɗaya.

Sai dai karin maganar rariya ya ginu ne a kan sharaɗi guda: mai saye yana ganin hujojin rariya da idonsa kafin ya miƙa kuɗi. Mai sayen waya ba ya ganin nata hujojin. A cikin kwali mai like ake ba shi ita, bayanin da ke jiki da Ingilishi ne da taƙaitattun haruffan da ko mai digiri sai ya yi tambaya, garantin kuma sau da yawa a fatar baki yake. Saboda haka dole a raba gazawa gida biyu. Akwai wadda farashi ya tilasta, wannan uzuri ce karɓaɓɓiya idan an bayyana ta. Akwai kuma wadda aka lulluɓe da adadi mai ruɗi da hoton talla, wannan ita ce Bahaushe ya daɗe yana kira algus.

Al'adar cinikin Hausa ma ba ta yarda da ɓoye aibi ba. A kara, dillalin kirki yakan buɗe bakin dabba ya nuna haƙora, ya sa a zagaya da ita a ga tafiyarta. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018 ita ma ta tanadi haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta da haƙƙin mayar da kaya mai lahani. Abin da ya rage shi ne a kai waɗannan ƙa'idoji rumfar mai waya.

Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Kan Gilashi

Inda batun ya fi shafar manazarta Hausa shi ne rubutu. Tun shekarun 1930 aka daidaita boko a kan baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da littattafan Zariya suka zaunar da su a idon masu karatu. A Nijar an ƙara da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Duk waɗannan baƙaƙe suna da gurbi a tsarin Unicode, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa. A ƙa'ida, babu abin da zai hana a rubuta Hausa daidai a waya.

A aikace kuwa, wayar tana zuwa ne da allon Ingilishi. Sai mutum ya san akwai na Hausa, ya shiga saiti, wani lokaci ya sauke shi da datarsa, ya kuma samar masa wuri a ma'adanar da ta riga ta cika. A wayar da ke jan ƙafa, kowane ƙarin taɓi jira ne, don haka mai rubutu yakan zaɓi hanya mafi kusa. Ga kuma gyaran-kai na Ingilishi da ke sauya kalmomin Hausa zuwa abin da ba a nufa ba. Sakamakon shi ne baki da baƙi sun zama ɗaya, haka fada da faɗa, kafa da ƙafa, bari da ɓari, sako da saƙo. Harshen da tun asali ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutunsa na yau da kullum, yanzu an sake ɗebe masa wata alamar rarrabewa.

Adalci ya sa a ce ba ƙaramar waya kaɗai ke da wannan laifi ba. Masu manyan wayoyi ma suna watsi da lanƙwasa, raunin koyar da ƙa'idojin rubutu a makarantu kuma ya girmi wayar salula. Amma na'urar da ke sa rubutu daidai ya fi rubutun kuskure wahala tana horar da miliyoyin yatsu kowace rana, fiye da yadda kowane malamin aji zai iya warwarewa. Illar ba ta tsaya a ido ba. Tun watan Disamban 2013 Google Translate ya shigar da Hausa, kuma irin waɗannan na'urorin fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da ke intanet suke koyo. Abin da aka shuka a gilashin waya yau, shi za a girba gobe a matsayin Hausar na'ura.

Taskar da Ake Gogewa Kullum

Fuska ta biyu ita ce adana. Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa a shekarun 1980 da 1990 ta hanyar ɗab'i, kaso mai yawa nasa ya ƙaura zuwa zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad. Marubuta da dama, musamman mata, da babban yatsa suke rubuta littafi sukutum a kan waya, su riƙa sakin sa shafi-shafi. Haka waƙoƙin siyasa da na bege da wa'azi da barkwanci suke yawo a matsayin saƙon murya da gajeren bidiyo. Wannan shi ne adabin zamanin nan, kuma rumbunsa ita ce ma'adanar da ke kukan ta cika. Idan gargaɗi ya fito, mai waya ba ya zaman tantance abin da tarihi zai buƙata. Gogewa yake yi domin saƙon gobe ya sami wurin sauka. Idan waya ta mutu ko aka yi mata wankin ƙwaƙwalwa a wurin mai gyara, komai ya tafi. Ajiya a intanet tana buƙatar data, ga shi a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Littafin da aka buga a 1990 ana iya tsintarsa a wurin mai tsofaffin littattafai. Wanda aka rubuta a waya shekara biyar da suka wuce, wataƙila ko marubuciyarsa ba ta da shi.

Wannan haɗari ya shigo har cikin sassan koyar da Hausa. Ɗalibin da aka tura ƙauye ya tattaro tatsuniyoyi ko waƙoƙin daka ko samfurin Guddiranci, da wayarsa yake naɗa. Naɗin murya marar matsi, irin wanda nazarin sauti ke so, yana cin wajen megabait biyar a minti ɗaya, wato fiye da 300 a awa guda. Wanda ma'adanarsa ta cika dole ya koma ga naɗi matsattse, ko ya tura wa kansa saƙon murya. Bugu da ƙari, na'urar tace hayaniya da ke cikin waya an tsara ta ne don hirar mutum da mutum, saboda haka takan ɗauki amon kalangu ko kotso a matsayin hayaniya ta danne shi. A waƙar da ganga ke magana, an yanke rabin matani ke nan. Tsohuwar da ta rera waƙar kuwa ba lallai ne a same ta a zagaye na biyu ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Mataki na farko yana hannun malaman harshe. Ana buƙatar daidaitattun kalmomin Hausa na sassan waya da ma'aunanta, tare da gajeren jagoran mai saye da za a yaɗa ta gidajen rediyo, domin mutum ya san bambancin ƙwaƙwalwar aiki da ma'adana, ya kuma san tambayar da zai yi kafin ya biya. Cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya da ke jami'o'i, irin ta Jami'ar Bayero, suna da gogewar ƙirƙirar kalmomi da za ta iya ɗaukar wannan aiki tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya.

Na biyu, darasin ƙa'idojin rubutu ya haɗa da saita allon Hausa a waya tun a ajin farko, kuma a daina karɓar aikin ɗalibi marar lanƙwasa da uzurin na'ura. A lokaci guda a nemi kamfanonin da ke cin kasuwar Arewa su riƙa fito da wayoyi da allon Hausa a kunne. Wannan gyara ne na manhaja da ba zai ƙara ko kwabo a farashi ba.

Na uku, kowane sashe ya mallaki 'yan na'urorin naɗar murya da ɗalibai za su riƙa ara, ya kuma wajabta miƙa ainihin naɗin tare da kundin bincike, a adana shi a wuri fiye da ɗaya. Haka nan a fara tattara adabin waya da izinin marubutansa, kamar yadda magabata suka tattara rubuce-rubucen ajami kafin gara ta cinye su.

Na huɗu yana wuyan hukuma. Daga 20 ga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta cewa batirin waya ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, a samar da sabunta tsari na aƙalla shekara biyar, da kayan gyara na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin. Kwafo wannan dungurungum zai iya tsauwala farashi a nan. Amma Hukumar Sadarwa, wadda dama ita ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar, za ta iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi: a rubuta ainihin ƙwaƙwalwar aiki ba tare da ta aro ba, a rubuta abin da ya rage a ma'adana, a faɗi ranar da kulawa za ta ƙare, a kuma ba da garanti a rubuce cikin harshen da mai saye ke ji.

Kammalawa

Waya mai araha ta buɗe wa Hausawa ƙofar da a da ba su da mabuɗinta, kuma babu mai fatan a rufe ta. Abin da ake nema shi ne a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin kwali, sannan masu nazari su gane cewa alƙalamin al'ummarsu da kundinta a yau suna cikin na'urar da aka ƙera don ta yi shekara biyu. Magabata sun yi rubutu da tawadar gida a kan takarda, ga shi ana karanta su bayan shekaru ɗari biyu. Ko za a karanta abin da ake rubutawa yau bayan shekara ashirin, ya danganta da matakin da sassan Hausa za su ɗauka tun wayoyin suna kunnuwa.